Sandar Kawu da Haƙorin Inna

Kawuna ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Samaru, bayan tari ya yi shekaru yana cin ƙirjinsa. Na Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu ne. Yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya koyar a jami'a har ya yi ritaya. Aikinsa lissafin hayaƙi: in ya tashi ina zai bi, wane nisa zai yi, a kan su wa zai sauka.

Ina zaune cikin mata a tsakar gida da jaririyata a cinya, ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗa. An ce a faɗi alherin mamaci, to na Kawu ba ya faɗuwa sai an haɗa da duka. Wani tsohon ɗalibinsa, shi kansa ya yi furfura, ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa matar Kawu gaisuwa. Ya ce, "Mama, ni marina ya yi a gaban aji. Ya tambaye ni daga ina iska take yau, na ce gabas, ban fita na duba ba." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, aka janye shi. Can sai ga wata mata Kirista daga Sabon Gari, mai sayar da robobi, ta shigo ba ta san inda za ta zauna ba. Ta naɗe hannun rigarta ta nuna mana wani tabo a dantse. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Wannan Oga Furofesa ne. Ni da yaro a baya, ya buge ni kamar akuya. Da bai buge ni ba, yau ba ni, ba yaro."

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Muchia ta nemi kusurwa ta zauna, ta ja mayafi ta rufe baki. Rabonta da gidan nan tun kafin rasuwar Babanmu. Abin da take rufewa giɓi ne a haƙoranta na sama, kuma duk matan da ke wurin sun san sandar Kawu ce ta yi shi. Sun kuma san al'ada: in an gama wanka an sa likkafani, mata 'yan uwa na jini za su shiga ɗaya bayan ɗaya su yi ban kwana, kowace ta ce ta yafe. Kowa na satar kallon Inna. Ni kuwa ba na so a kai Kawu kabari da fushin ƙanwarsa tilo a kansa.

Ba zan yi masa kwaskwarima ba don ya mutu. Kawu mafaɗaci ne. Mutane suna yin hannunka mai sanda, shi sandar yake saukewa. Wata gora ce mai kauri da ya ɗaura wa ɗan jan tsumma a ka. Duk inda ya tsaya sai ya ɗaga ta sama ya ga inda tsumman ya karkata, ko a bakin masallaci ne, ko a wurin ɗaurin aure. Yara a Samaru suna ce masa mai tuta, amma daga nesa.

Maganarsa biyu ce, mun haddace su kamar karatun allo. Ta farko, "Hayaƙi ba ya ɓacewa, gidan wani yake tafiya." Ta biyu, "Ku koma bayan iska." Wato ka tsaya ta inda iska ke fitowa, wuta tana gabanka, hayaƙi ya tafi ya bar ka. In ya zo Muchia ya tarar Inna ta kunna icce da leda, kamar yadda kowace mace ke yi in icce ya jiƙe, kafin ya yi sallama ya sa ƙafa ya watsa murhun. Inna ta ce, "Yaya, tuwon fa?" Ya ce, "Tuwon da za ki ci da guba." A lokacin dariya take yi, ta jira ya tafi ta sake kunnawa.

Ina 'yar makaranta yake ɗaukata zuwa ofishinsa in hutu ya zo. Yana da kwamfuta da taswirar Zariya a ciki. Sai ya sa ɗigo a wani wuri ya ce nan ne wuta. Ya shigar da ƙarfin iska da inda take fitowa, da zafin rana, da irin abin da ke ci. Sai ka ga wani abu kamar harshe ya fito daga ɗigon yana tsawo, yana faɗi, yana lashe unguwanni. In ya canza iska harshen ya juya. Wata rana ya nuna mini tokar wani dutse mai aman wuta a wata ƙasa mai nisa, ta bi sama ta ƙetare teku har ta hana jirage tashi. Na ce, "Kawu, mu ina ruwanmu, muna da dutse mai wuta ne?" Ya dungure mini kai. Ya ce, "Lissafin ɗaya ne da na bolar bayan gidanku, sakarya. Girma ne kawai ya bambanta."

Bai yarda da kwamfutar ba sai ya gwada ta. Yakan kwashi ɗalibai zuwa gonakin Bomo bayan girbi, a tara ɗanyar ciyawa a kunna, a baza su da nisa kowa ya tsaya inda aka ajiye shi, ya ɗaga hannu in ya ji wari. Manoma suka ce malamin nan ya zautu. In lissafi ya saɓa da abin da hanci ya ji, ranar ba mai shiga ofishinsa.

A can ne ya nuna mini abin da ya fi ba shi tsoro. Da sanyin safiya hayaƙi yakan tashi ya tsaya a sama, ya shimfiɗu kamar tabarma, ya yi ta tafiya bai taɓa kowa ba. Ya ce, "Kin gan shi can, kamar ba ruwansa da mu? Jira rana ta ɗumama ƙasa. Iskar ƙasa za ta fara juyawa, ta hau ta kamo shi, ta sauko da shi gaba ɗaya. Kuma ba a gindin wuta zai sauka ba, can nesa, a kan waɗanda suka ɗauka sun tsira."

Faɗansa da mutane ba ya ƙirguwa. Ya yi da masu babbakar kai da ƙafa da tayar mota, har wani ya zare masa wuƙa, shi kuma ya karya masa yatsa. Ya yi da wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari da ke kunna janareta a cikin shago, 'ya'yansa na barci a ciki da rana. Ya ɗauki janaretan ya jefa a kwata. Mutumin ya kai shi wurin 'yan sanda. Bayan sati Kawu ya aika masa da sabo, da doguwar waya, da saƙon cewa in ya sake shigar da shi ɗaki wannan karon shi zai jefa a kwatar. Mutumin yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin maƙabarta har aka gama binne Kawu.

Amma faɗan da ya fi daɗewa shi ne na sito. A bayan layinmu a Muchia akwai wani babban sito da ake tara maganin ƙwari da na ciyawa da takin zamani, jarka a kan jarka har rufi. Kawu ya yi magana, ya yi zagi, ya je duk inda ake zuwa, aka ce an ji. A cikin kwamfutarsa kuwa ya ƙona siton nan ya fi a ƙirga, da damina da rani, da safe da yamma. Ya san inda harshen yake zuwa a kowace iska.

Ranar da siton ya kama wuta da gaske ƙarshen damina ne, bayan an fito sallar asuba. Ina budurwa a lokacin. Muka ji ƙara kamar an fasa dutse, sannan jarkoki suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Mu mutanen unguwa mun san abin da ake yi in gobara ta tashi, tun kakanni: maza su kawo ruwa, sauran a kwashe kaya a kai fili, nesa da wuta. Filinmu shi ne na ƙwallo da ke can ƙasan unguwa, kuma lungu ɗaya ne ke kai mutum can. Baba tela ne. Ya ɗauki kekensa na ɗinki a ka, ya koma ya kwaso ɗinkin mutane, ya kai fili ya zauna a kai yana gadi. Hayaƙin ya tashi baƙi ƙirin, ya yi sama, ya kwanta, ya miƙe ta kan filin. A ƙasa iska garau take. Mutane suna ɗaga kai suna cewa Allah ya taimaka, ya yi sama.

Kawu daga Samaru ya hango shi. Ya zo a kan acaɓa, ba hula, da sandarsa. Ya ɗaga ta, ya dubi tsumman, ya dubi rana da ta fara ɗagowa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya ce wa samarin da ke wurin su ruga fili su ce kowa ya taso, a bar kaya. Wasu suka tafi, wasu suka tsaya kallonsa. Shi kuma ya tsaya a bakin lungun nan, inda mata da yara ke tururuwa da ƙunshi a ka, ya buɗe hannuwa.

"Ku koma! Ku koma bayan iska, ta wajen titi!"

Ta wajen titi kuwa kusa da wutar ne. Wa zai yarda ya juya ya nufi wuta da 'ya'yansa? Suka ture shi. Sai ya fara duka. Ba dukan tsoratarwa ba, duka na gaske, a kafaɗa, a dantse, a ƙwauri, duk inda sanda ta samu. Ya fasa wa wani dattijo goshi. Ya bugi matar nan mai robobi har ta durƙusa da goyonta. Wani saurayi ya jefe shi da dutse a kunne, jini ya wanke masa wuya, bai ko shafa ba. Mata suna ihu, ana tsine masa da Hausa da Turancin kasuwa da yarukan da ban sani ba. Amma lungun ya toshe, taron ya fara juyawa.

Sai ga Inna, tana riƙe da hannuna.

Ta ce, "Yaya, matsa. Babansu yana can."

Ya ce, "Na aika a taso su. Koma."

"Ba zai taso ba, kayan mutane ne a hannunsa. Ni kaɗai yake jin maganata. Matsa in je in zo da shi."

"Kin shiga ba ki fitowa. Koma na ce."

Ta sake ni ta sunkuya za ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa. Na ga sandar ta tashi. Na ji ƙararta a bakin Inna, ƙara ce da har yau in ana fasa rake sai na tuna. Ta faɗi zaune, jini na zuba a kan zaninta, ta tofar da haƙori a tafin hannu tana kallonsa. Matar aure, uwar 'ya'ya, a gaban duk unguwa. Ya dube ni ya ce, "Ja ta." Na ja ta.

Ba mu kai titi ba hayaƙin ya sauko. Na waiga na ga filin ya ɓace. Abin da muke ji kawai tari da kururuwa, sai mutane suka fara fitowa ta lungun suna rarrafe, idanu jajur, suna amai, wasu suna faɗuwa a kan wasu. Awaki da aka ɗaure a can ba wadda ta tashi. Kawu ya tuɓe rigarsa ya tsoma a kwata, ya ɗaure hanci, ya shiga. Ya fito da wata tsohuwa, ya koma. Ya fito da yara biyu, ya koma. A ƙarshe ya fito yana jan Baba ta hammata, Baba yana rungume da kan kekensa.

Baba ya cika a asibiti a Shika kafin magariba. Kawu ya yi makonni a gadon da ke kusa da wanda Baba ya bari, ya tashi da tarin da bai sake shi ba har ranar Talatar nan.

Da Inna ta fita takaba dangi suka taru don a sasanta. Aka ce Kawu ya ba ta haƙuri, ko da baki ne. Ya yi tari, ya share baki, ya ce, "Da ta wuce, da gawa biyu muka ɗauka. In aka sake yau, sai na ƙara mata." Inna ta ce, "Da ka bar ni, da na fito da shi tun hayaƙin yana sama." Wata gwaggonsu ta ce ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Inna ta buɗe baki ta nuna giɓin, ta ce, "Nawa haƙorin ai ya fita." Ta ɗauki mayafinta.

Na yi shekaru ina juya maganar nan. Na tambayi Kawu da kaina, ranar da na koma gidansa don karatu, ko lokacin zai isa Inna ta je ta dawo. Na ɗauka zai zage ni. Sai ya kunna kwamfutar, ya sa wuta a siton, ya sa iskar ranar, muka zauna muna kallon harshen. Ya ce, "Wannan tana gaya mini inda zai sauka. Ba ta gaya mini daidai lokacin da zai sauka ba, sai dai kusa. Wataƙila ta isa. Wataƙila." Ya kashe. Ya ce, "Ni ba na caca da uwarki a kan wataƙila." Na ce to ya je ya faɗa mata haka mana. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Haka suka zauna, taurin kai iri ɗaya, nono ɗaya suka sha. Shi yana aika mata da buhun masara ta hannuna duk kaka, ita tana karɓa ta ce in ajiye can. Ya ce a kai ta a sa mata haƙorin roba, ta ce a gaya masa tana son giɓinta. In ta ji tarinsa ya tashi, sai ta dafa zuma da citta ta zuba a kwalba, ta ce in kai wa matarsa, kada in ce daga ina. Ina kaiwa ya sha ya ce, "Cittar ta yi yawa, tun tana yarinya haka take." Na gaji da su biyun, Allah ya sani, kuma ina son su biyun.

To ranar Talata aka gama shiri, aka ce mata su shiga. Matar Kawu ta shiga ta fito. 'Ya'yansa suka shiga. Na shiga na durƙusa, na ce na yafe dungure da zagi, shi ma ya yafe mini. Saura Inna. Matar Kawu ta je ta durƙusa a gabanta, ta ce, "Ki yi wa Allah, maza suna jira." Inna ta tashi, ta shiga, ta tsaya a kansa. Ina bakin ƙofa ina kallon bayanta. Ta daɗe. Leɓenta bai motsa ba. Ta juyo ta fito ta koma kusurwarta, maza suka shigo suka ɗauki makara. Na ji haushinta irin wanda ban taɓa ji ba, har na kasa kallon inda take.

Ba ta koma Muchia ba dai. Ta kwana biyu a gidan, ba ta kuka, ba ta magana, in an miƙa mata abinci ta taɓa ta ture.

Ranar sadakar uku aka kafa murhu a tsakar gida don suyar waina. An yi ruwa da asuba, icce ya jiƙe. Wata maƙwabciya da ta zo taimako ta tattaro ledoji da wani tsinkakken silifa ta cusa a ƙarƙashi ta ƙyasta ashana. A gidan Kawu, kwana uku da binne shi. Ni ban ma lura ba, ina zaune a tabarma ta gefen katanga ina ba jaririyata nono, ga wasu yara biyu suna barci kusa da ni. Hayaƙin ya tashi baƙi, ya bugi katanga, ya kwanto kanmu. Jaririyar ta saki nono ta fara tari.

Ban ga tasowar Inna ba. Sandar Kawu tana jingine a ƙofar ɗakinsa, ba wanda ya taɓa ta tun ranar da ya rasu. Ji na yi kawai an zuba mini ita a ƙwauri, har sai da na ga wuta.

"Tashi! Koma bayan iska da yarinyar nan!"

Na zabura na ruga ɗaya gefen, wasu suka kwashi yaran. Ta juya ta sa sandar ta watsa murhun, kaskon waina ya kife, ƙullu ya malale a ƙasa. Inna tana tsaye tana haki, mayafinta ya zame, giɓin a fili. Ta dubi ƙafata da ta fara kumbura. Ta dubi sandar a hannunta, jan tsumman yana kaɗawa.

Ta ce, a hankali, "Ashe haka ne. Hannu ba ya jiran baki."

Sai ta zauna a ƙasa cikin toka da ƙullu, ta rungume sandar, kukan da ta riƙe tun ranar gobara ya ƙwace mata. Ta ce, "Yaya, na yafe. Na yafe, Yaya. Kai ma ka yafe mini." Ta yi ta maimaitawa, ba wanda ya hana ta.

Malamai sun ce yafiya tana isa ga mamaci ko an rufe kabari, kuma na riƙe wannan. Ƙwaurina ya yi sati yana ciwo. Sandar tana Muchia yanzu, a bayan ƙofar Inna, ta canza mata sabon tsumma daga ragowar yadin da Baba ya bari.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin hannunsa saboda waɗanda hannun ya tsayar. Ya haɗa shi da Baba a inda iska take da tsabta, ya ba mu haƙurin rashinsu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.